Littattafan da Ba a Taɓa Ara Ba

Ranar Talata abin ya fara, kuma tun asuba ake yayyafi, irin mai nacin nan da ba ya hana mutum fita amma ba ya barinsa ya isa inda za shi da busasshiyar riga. Sabuwa ta iso laburaren unguwa da lema a hannu ɗaya, takalma a ɗayan, ta tarar Baba Kati ya riga ta buɗewa. Yana tsaye bakin taga da wata wasiƙa, ya kai ta dab da hancinsa kamar mai son jin ƙanshinta. Yanar ido ta rufe masa na hagu tun bara, na daman ma ya fara bin sahu.

Shekararta biyu a wurin, 'ya'yanta biyu a makaranta, amma har yanzu Sabuwa ake ce mata, domin tun da aka gina laburaren ba a taɓa turo wa Baba mataimaki ba sai ita. Kafin nan ta yi shekara tara tana buga takardu a wani ofis, har ta gaji ta koma karatu ta yi difloma a aikin laburare. Shi kuwa Baba, sunan ya same shi ne saboda kabad ɗin katuna mai aljihu sittin da ke bakin ƙofa. Kowane kati a ciki da hannunsa ya rubuta shi, kuma ba ya yarda kowa ya jingina da kabad ɗin, ko da baƙo ne daga hedkwata.

Ya miƙa mata wasiƙar ya ce ta karanta masa, idonsa ya tafi yajin aiki.

Magana biyu ce a ciki. Ta farko, hedkwata za ta kawo kwamfuta shida da teburansu kafin ƙarshen wata, don haka a kwashe kantoci huɗu na bangon baya a ba su wuri, a tace littattafan da ke kai bisa ƙa'ida. Ta biyu, ana tuna wa Baba cewa saura wata biyu ya yi ritaya, kuma har yau bai dawo da fom ɗin da zai rubuta sunan wanda ya ga zai iya riƙe reshen ba. In bai rubuta kowa ba, za a rufe reshen a kwashe kayan, ita kuma a tura ta sito can ƙarshen gari, mota biyu daga gidansu, inda babu mai karatu sai kwalaye da ɓeraye.

Sabuwa ta san fom ɗin. Sati uku ke nan yana kwance a aljihun teburin Baba, ƙarƙashin almakashi, layin suna fari fat. Duk lokacin da ta je ɗaukar gam sai ta leƙa. Ba ta taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa tayar da zancen ba. Da ta gama karatun ta ɗaga kai ko zai ce wani abu a kai, sai ya ce jibi za a yi masa aikin ido, kuma likita ya ce sati guda ba fita ba sunkuyo. Ya ajiye mata makullai a kan tebur, ya ce ta fara duba kantocin kafin ya dawo, kuma ta riƙa tambayar littafi kafin ta kore shi. Ta yi dariya. Baba ya saba da irin wannan magana. Mutum ne da ke gaida ƙamus da safe.

Da yamma ta ba yayarta labari. Gida ɗaya suke zaune, domin mijin Sabuwa direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu ba a ga ƙeyarsa ba. Yaya tana ninke wanki ta ce ai abin a fili yake, tsohon gwada ta yake yi.

"Ki share masa bangon nan tas kafin a buɗe masa ido. Ya zo ya tarar an gama, mu ga ta inda zai ɓullo, Shugaba."

Tun daga ranar Shugaba take kiranta, har yara suka ɗauka.

Ƙa'idar ba ta da wuya. An koya musu ita a makaranta, ta fito a jarrabawa, Sabuwa ta ci. A cikin bangon bayan kowane littafi akwai 'yar takarda da ake buga wa hatimin ranar dawowa duk lokacin da wani ya ara shi. Littafin da ya shekara goma ba hatimi ya mutu, wuri kawai yake ci. A buɗe baya, a duba, mai rai a sa dama, matacce a sa hagu, shi ke nan. Ta ɗaura ɗankwali a hanci ta hau ƙaramin tsani, Iya mai shara na karɓa daga ƙasa. Wasu takardarsu ta cika da hatimai har an liƙa ta biyu a kai. Wasu hatimi ɗaya tak, tun kafin Sabuwa ta gama firamare. Wasu kuma, kuma su suka fi ba ta haushi, takardar fara ƙal, ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa fita da su ƙofa.

A rana ta uku ta sauko da wasu koraye guda uku masu kauri, 'yan uwan juna, na gyaran injin ruwa, cikin wani harshen da ita ma da ƙyar take haɗa shi. Bangonsu ya yi laushi, gefensu ya yi baƙi, hatimi ko ɗaya babu. Iya ta riƙe na farkon tana juya shi, ta ce kamar waɗannan ne mutumin nan mai wanke hannu yake dubawa. Sabuwa tana can sama ƙura na shigar mata ido. Ta ce wane mai wanke hannu kuma, takarda ba ta ƙarya, a sa su hagu. Iya ta taɓe baki ta ce to, ita dai tsintsiya aka ɗauke ta riƙewa, ba difloma ba. Ta sa su hagu.

Kwana shida ta gama, littafi ɗari shida da arba'in. Ta zare katunansu daga kabad ɗin Baba ta ɗaure da roba, ta buga jerin sunayen layi-layi, tsaf, aikin da yatsunta suka sani ko cikin barci. Ranar Laraba da safe mai sayen tsofaffin takardu, wanda hedkwata ke hulɗa da shi, ya turo mota aka loda. Da yamma kwamfutoci suka iso a kwalayensu. Ta tsaya tana kallon bangon, ga fenti sabo inda kantoci suka kare shi shekara talatin, ta ji a ranta ko makaho ya shafa wurin nan ya san an yi aiki.

Ranar Alhamis Baba ya dawo da baƙin tabarau, auduga liƙe a ido ɗaya, jikarsa ta rako shi har ƙofa. Ya daɗe tsaye gaban bangon. Ta miƙa masa jerin, ya ce karatu bai halatta masa ba tukuna, ta nuna masa inda aka tara su ya shafa. Ta ce ai an tafi da su jiya.

"Duka?"

Ta ce duka. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar, ya ja kujera ya zauna. Ya ce ta yi ƙoƙari. Ta juya maganar ta kowane gefe ta kasa gane ko yabo ne.

Kullum ƙarfe sha biyu da rabi Sabuwa kan fita ta ɗauko yara daga makaranta ta kai su gida, sai biyu saura ta dawo. A ranar kuwa Yaya ta ce ita za ta ɗauko su, shugaba ba ta barin ofis ranar karɓar mulki. Shi ya sa Sabuwa tana nan lokacin da wani mutum mai shuɗiyar rigar aiki ya shigo harabar, ya wuce kai tsaye famfon da ke gefen ƙofa. Ya zaro guntun sabulu daga aljihu ya wanke hannu, ya ɗauraye, ya sake, har sau uku, ya goge da cikin hularsa. Ya shigo ya yi wa Baba ya jiki, ya nufi baya kamar mai shiga ɗakinsa. Can ya tsaya gaban kwalaye. Ya duba dama, ya duba hagu. Ya dawo a hankali ya tambayi Sabuwa, cikin ladabi, ko ina aka mayar da korayen nan.

Ta tambaye shi ko shi wane ne.

Makaniki ne, shagonsa na bayan tashar mota. Shekara goma sha huɗu yana zuwa, duk ranar da aka kawo masa injin da ya gagare shi, kuma kullum da tsakar rana, lokacin da kasuwa ke lafawa. Harshen littafin ba ya jin ko kalma ɗaya. Zanen yake bi da yatsa, ya kwafa a bayan kwali ko ya haddace ya koma. In ya gama, da kansa yake mayar da littafin gurbinsa daidai, don kada ya ba ma'aikata wahala. Ta tambaye shi me ya sa bai taɓa ara ba. Ya dube ta kamar ta ce ya ɗauki jariri ya kai gareji.

"Malama, kin taɓa ganin shagona kuwa? Ni kaina in na shiga da farar riga ba na fitowa da ita. Littafin jama'a ne. Nan ya fi masa lafiya."

Ya ce yau injin rijiyar burtsatsen wata unguwa ne warwatse a gabansa, mutane na jiran ruwa, kuma zanen da yake nema yana cikin na biyu, wajen tsakiya.

Sabuwa ta gaya masa an tafi da su jiya. Iya, da ke goge taga, ta ci gaba da goge gilashi ɗaya da ya riga ya fita. Sabuwa ta dubi Baba tana jiran faɗa, da ya yi faɗan ma da ta fi samun sauƙi. Sai ya lalubi sandarsa, ya ce ta buga wa mai takardu waya ta ji yaushe babbar mota ke kwashe kaya zuwa masana'anta. Aka ce gobe da sassafe. Ya ce ta rufe laburaren ta liƙa sanarwa a ƙofa. Ta tuna masa likita ya hana shi shiga ƙura. Ya ce likita ido ya hana, bai ce komai a kan hannu ba.

Su uku suka tafi, har da makanikin. Wurin wata ƙatuwar rumfar kwano ce a bayan layin masu walda, takardu tsibi-tsibi har rufi: jaridu, fayilolin ofis, tsofaffin takardun jarrabawa. A tsakiya injin matsa na haɗiye su yana fito da su dami-dami, ɗaure da waya. Mata biyu na zaune a ƙasa suna yage littattafai, bango gefe, ciki gefe. Mai wurin, wani ƙato da fensir a kunne da kowa ke kira Mai Sikeli, ya saurare su har ƙarshe. Ya ce a shekara ashirin an sha zuwa masa neman takardar shaidar makaranta ko hoton da aka zubar bisa kuskure, amma yau ne ya ga an biyo sawun littafi. Ya ce shi ba ruwansa da abin da ke ciki, nauyi ya sani: duk kilon da suka ɗauka su mayar masa da kilo. Sabuwa ta tuna da kwalayen kwamfutocin da na teburansu. Ya ce kwali ma ya fi masa. Makaniki ya tafi da makullai ya kwaso su a baro, aka ɗora a sikeli, kilo arba'in da ɗaya. Iyakar abin da za su iya fita da shi ke nan. Mai Sikeli ya nuna musu wata kusurwa, ya ce rabin nasu ya riga ya shiga inji, kuma ƙarfe shida yake rufe ƙofa, ko surukinsa ne a ciki sai dai ya kwana.

Sabuwa ta tsaya gaban tsibin, littafi ya fi ɗari uku, an zube su kamar yashi. Ba ta san ta inda za ta fara ba. Baba ya zauna kan wani dami, ya ɗaura hankici a hanci.

"Kawo ɗaya. Kar ki buɗe bayan."

Ta kawo. Ya tsayar da littafin a tafin hannunsa ta wajen ɗinkin, ya sake shi. Littafin ya tsaya ƙiƙam a rufe, sannan ya faɗi gefe. Baba ya ce wannan barci yake yi tun ranar da aka kawo shi, a bar shi ya ci gaba. Ta kawo wani, na koyon ɗinki. Yana sakinsa ya buɗe da kansa a wani shafi mai zanen hannun riga. Ya ce ta dubi gefen takardun daidai wurin. Ta ga siririn layi mai duhu inda babban yatsa ya sha bi. Ya ce ta shinshina. Ta ji ƙanshin man keken ɗinki. Ya ce na wata tela ce mai zuwa ranar Asabar da goyo, a sa shi a baro.

Haka suka ci gaba. Ya nuna mata cewa littafin da ake yawan jawowa daga kanta, kan bangonsa yakan ɓare ta sama inda yatsa ke kamawa. Wanda ba a taɓawa kuma ƙura kan zauna a samansa ta zama kamar fata, ko an hura ba ta tashi. Da farko kowanne sai ta kai masa. Wajen na ashirin ya daina miƙa hannu, ya ce kafaɗarsa ta gaji, ta faɗa masa abin da ta gani kawai. Ta riƙa faɗa. Wannan na kiwon kaji ne, ya buɗe a shafin cututtuka, har da gashin kaza a ciki an sa alama. Wannan na jikin ɗan Adam ne, an shafa shafin ƙoda har ya yi sheƙi. Wannan labarai ne masu manyan haruffa, duk shafukan sun yi laushi daga farko har ƙarshe. Baba kan ce na mai gadin banki ne, ko ya ce bai san na wane ne ba amma yana da mai shi. Can ma ya daina amsawa. Sau ɗaya ta riƙe wani littafin lissafi ta kasa yanke hukunci, ta juyo tana kallonsa. Ya ce shi bai ga komai ba, ita ke da ido biyu. Ta sake ɗora shi a tafinta, ta saki, ta sa shi a baro.

Makaniki yana can gefe yana tono kamar mai haƙar rijiya. Ya samo na ɗaya. Bayan kusan awa guda ya zaro na uku daga ƙarƙashin jaridu, ya goge shi da rigarsa, ya tuna rigar ta fi littafin datti, ya daina. Na biyu kuwa ɗaya daga cikin matan ce ta tuna da shi. Ta tona tarin bangayen da ke gefenta ta miƙo masa koren bango, wayam, ba komai a ciki. Ya riƙe yana juyawa, ya dubi dammunan da aka jera bakin ƙofa, sun fi ashirin, kowanne ya kai ƙirjin mutum. Mai Sikeli ya ce ko ya yarda a kwance su, sati guda ba zai isa ba. Makaniki ya miƙa wa Sabuwa bangon da hannu biyu, ya ce ba komai Malama, ya koma wajen baronsa.

Shida saura kwata aka ɗora abin da suka zaɓa a sikeli, littafi hamsin da bakwai. Allurar ta ɗan wuce. Mai Sikeli ya dube ta, ya dubi sama, ya ce shi ma yau idonsa kamar na Baba yake, su kwashe su tafi kafin ya warke.

A hanyar dawowa makaniki na gaba da baro, su biyu na baya, Sabuwa riƙe da gwiwar hannun Baba saboda ramuka. Ta ce masa kar ya rubuta sunanta a fom ɗin. Ya ce a takarda ai ba ta da laifi ko na anini, ƙa'ida ta bi, hedkwata ma in sun ga jerin nan yabonta za su yi. Ta ce ta sani, kuma abin da ke ba ta tsoro ke nan. Suka wuce layin masu walda. Sai abin da ke cin ta ya fito da kansa.

"Baba, shekara biyu ina gabanka ina liƙa lamba. Me ya hana ka nuna min wannan tun tuni?"

Ya lalubi wani rami da sandarsa ya tsallake, ya ce:

"Na ɗauka da kanki za ki gani, yadda na gani. Ni ba wanda ya nuna min, sai na zaci haka ake yi. Ina ta jira ki tashi daga teburin gaba ki zagaya baya, in rubuta sunanki. Ke kuma kina ta jira in buɗe baki. Ga inda jiran ya kai mu." Ya gyara tabarau. "Rabin laifin damin can nawa ne, 'yata."

Ya ce fom ɗin zai ƙara sati biyu inda yake. Daga gobe shi zai zauna teburin gaba, buga hatimi ba ya bukatar ido. Ita kuma ta ɗauki kujera ta koma baya, musamman da tsakar rana. Yaya da ta ji, ta ce ashe daga shugaba an sauke ta zuwa mai gadin kanta, ta yi mita son ranta, amma kullum sha biyu da rabi tana bakin makarantar yara.

Sati biyun nan sun fi kwana shidan tacewa wuya. Mutanen da Sabuwa ta sani da fuska kawai, ko ba ta taɓa gani ba sam, suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna tsayawa inda makaniki ya tsaya. Kowanne sai ta tashi ta same shi, ta faɗa masa abin da ta yi da bakinta, ta tambaye shi wanne ne nasa. Tela ta sami nata, ta rungume shi tare da goyon. Mai gadin banki ya sami nasa, ya gaya mata a hankali cewa da shi ya koyi karatu yana da shekara hamsin, kuma bai yi kati ba ne don kada a ba shi fom ya cike a gaban mutane. Wata mata ta zo neman littafin kula da yaron da ba ya ji, babu shi. Wani malamin makaranta mai ritaya ya nemi tarihin jiragen ruwa, babu shi. Ya yi faɗa har masu kwamfuta suka juyo, ya ce sai ya rubuta wa hedkwata. Baba daga teburin gaba ya tambaye shi ko yana bukatar takarda da biro. Sabuwa ta tsaya ta saurare shi har ya gama, ta rubuta sunan littafin a wani ƙaramin littafin rubutu da ta ware don waɗanda suka ɓata.

Ta yanka kati ta ajiye a kowane tebur, ta rubuta cewa wanda ya gama karatu ya bar littafin a nan, kar ya mayar kanta. Da yamma sai ta bi su ɗaya-ɗaya ta sa ɗigon fensir a bayan kowanne kafin ta mayar. Baba ya ce shekara talatin wannan dabarar ba ta taɓa zo masa ba, shi a kansa yake ajiyewa, ga shi kan zai yi ritaya. Ta kuma rubuta wa sauran rassa tana tambayar ko suna da kwafin waɗanda ke cikin ƙaramin littafin nata.

Makaniki ya gyara injin burtsatsen da lalube, a kwana uku maimakon ɗaya. Bayan sati ya dawo, ya wanke hannu sau uku, ya zauna da sabon littafin rubutu da fensir da rula. Ya ce kafin kansa ya zubar da su, bari ya zana abin da ya tuna. Kullum da tsakar rana zane ɗaya ko biyu, kuma a ƙasan kowanne yana rubuta bayani da harshen da mutanen unguwa ke ji, har da inda littafin asali ya yi shiru shi ya gano da hannunsa. Da ya ce iyakarsa ke nan, Sabuwa ta ɗinke shi cikin koren bangon, ta sa shi tsakanin na ɗaya da na uku.

Ranar da sati biyun suka cika an riga an cire wa Baba auduga. Ya shigo yana kallon komai kamar baƙo, ya ce bai san bangon nan rawaya ne ba, kuma bai san Iya ta tsufa haka ba. Iya ta ce ya je ya dubi madubi tukuna. Ya buɗe aljihun tebur, ya ɗaga almakashi, ya rubuta sunan Sabuwa a layin da hannunsa, harafi-harafi, irin rubutunsa na kati. Ta kawo takarda ɗaya da ta buga, mai bayanin abin da ya faru da jerin abin da ya ɓata, ta ce a haɗa. Ya ce ba wanda ya tambaya. Ta ce masu littattafan sun sani, ba ta son a ce hedkwata ce kawai ba ta sani ba. Ya karanta har ƙarshe, ya ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa shi ne shugaban reshe lokacin da abin ya faru, ya sa hannu.

Amsa ta zo bayan sati uku. An ba ta riƙon ƙwarya na wata shida, in an ga kamun ludayinta a tabbatar da ita. An kuma ja mata kunne sosai, ba a kan littattafan ba, a kan rufe laburare rabin yini ba tare da izini ba. Yaya ta ce riƙon ƙwarya ma ai riƙo ne, ta mayar mata da sarautarta. Baba ya yi ritaya a ranarsa, amma Litinin da Alhamis yana zuwa ya zauna a baya da jarida, kuma yanzu in Sabuwa ta yi masa tambaya ɗaya sai ya ba ta amsa goma, har sai ta ce masa tana da aiki.

A ƙarshen wata shidan ta zauna ta haɗa abin da ke cikin ƙaramin littafin. Ɗari shida da arba'in suka fita, hamsin da bakwai suka dawo. Cikin waɗanda suka shiga inji, ashirin da uku ne masu su suka zo nema. Bakwai ta samo daga wasu rassa, har da na matar nan mai yaro. Sha shida ba a sake samun su ba ko'ina. Na biyun injin ruwa shafi ɗari huɗu da sha biyu ne, zane talatin da ɗaya makaniki ya tuna. Mai karatu ɗaya, malamin nan mai ritaya, bai sake dawowa ba.